Shin Mai Haƙuri Yana Faɗin Ciwonsa?

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a Asibitin Tarayya na Gusau ko a Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura ya san amsar da zai samu tun kafin ya yi tambaya. Ka ce wa mai jinya "ya jiki?", ya ce maka "da sauƙi", ko da kuwa ledar ruwa na rataye a kansa, numfashi na fita da ƙyar. Wannan amsa tarbiyya ce, kuma mai kyau: mutum ya ƙi tayar wa mai gaishe shi da hankali, ya kuma kyautata zato ga Ubangijinsa. Sai dai a 'yan shekarun nan wata al'ada ta taso a gefenta. Masu ciwo iri ɗaya sun fara neman juna. Iyayen yara masu sikila da ke haɗuwa kan benci ranar ganin likita suna karɓar lambar juna. Masu ciwon suga, masu wankin ƙoda, matan da suka daɗe suna neman haihuwa, kowane rukuni da zaurensa, wani a harabar asibiti, wani a cikin waya, inda mutumin Tsafe da na Bungudu da na Tudun Wada a Gusau ke raba dare suna magana alhali ba su taɓa ganin fuskar juna ba. A can "da sauƙi" ba ta rufe zance. Bayanta ake faɗin inda ke ciwo, da kwana nawa aka yi ba barci, da kuɗin maganin da ya gagara. Wannan ne ya sa wasu dattawa, har da wasu masu ilimi, suke jin abin bai kwanta musu ba. Suna tambaya: wannan ba kai ƙarar Mahalicci wurin abin halitta ba ne? Ina haƙuri, ina rufin asiri? Ra'ayina shi ne mai ciwon da ya nemi ɗan'uwansa a ciwo ya faɗa masa halin da yake ciki bai fita daga haƙuri ba, kuma shirun da muka daɗe muna ɗauka shi ne haƙuri ya ci mana rayuka da yawa.

Masu wannan damuwa ba da ka suke magana ba, suna da abin kamawa. Suratu Yusuf ta ba mu labarin Annabi Yaƙubu, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har idanunsa suka yi fari, amma ya shaida wa 'ya'yansa cewa Allah kaɗai yake kai wa kukansa. Annabi Ayuba, da cuta ta shafe shi, Ubangijinsa ya kira, kamar yadda ya zo a Suratul Anbiya. An kuma ruwaito cewa Imam Ahmad bin Hambal, a ciwon ajalinsa, da aka gaya masa cewa Ɗawus, ɗaya daga cikin magabata, ba ya son mara lafiya ya riƙa nishi, sai ya daina nishin har ya cika. Magabata da dama sun ɗauki ɓoye musiba a matsayin wata taska ta alheri. A kan wannan tushe ne al'adarmu ta gina ƙyamar raki, har ya zama yaro tun yana ƙarami ake koya masa ya cije, mace mai naƙuda kuwa ana yaba mata in ba a ji muryarta ba.

Amma wanda ya tsaya a nan ya karanta rabin shafi ne. Annabi Yaƙubun da ake kafa hujja da shi bai ɓoye baƙin cikinsa ba. A gaban 'ya'yansa ya furta kewar Yusuf, har suka yi masa magana a kai, kuma duk da haka haƙurinsa ne ya zama abin koyi. A cikin Sahihul Buhari, a littafin marasa lafiya, akwai babi sukutum a kan halaccin mara lafiya ya ce yana jin ciwo. A nan ne aka kawo Nana A'isha tana kukan ciwon kai a gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi kuma ya shaida mata nasa kan ma yana ciwo. A nan ne Abdullahi bin Mas'ud ya taɓa jikin Annabi ya ji zafin zazzaɓi, Annabi bai ce masa "ba komai" ba, ya gaya masa cewa zazzaɓinsa ya kai na mutum biyu. Sa'ad bin Abi Waƙƙas, da ciwo ya kwantar da shi a Makka, ya bayyana wa Annabi iyakar inda ciwon ya kai shi kafin ya tambayi hukuncin wasiyya. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekarar 751 bayan Hijira, ya warware wannan a littafinsa Uddatus Sabirin: ba da labarin halin da kake ciki ga wanda zai taimake ka, ko ya nuna maka hanya, kamar yadda mara lafiya ke yi wa likita bayani, ba ya rushe haƙuri. Abin da ke rushe shi shi ne fushi da hukuncin Allah da ƙorafi a kan Wanda ya hukunta. Ke nan ma'aunin yana cikin zuciya da manufa, ba a buɗe baki ko rufe shi ba. Mutum na iya yin gum da bakinsa alhali cikinsa cike yake da jin haushin ƙaddara, wani kuma ya fara da hamdala, ya zayyana ciwonsa daki-daki, ya tashi yana mai yarda da Ubangijinsa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ta matar nan mai farfaɗiya, wadda Buhari da Muslim duk suka kawo labarinta. Ta zo da ƙafarta wurin Annabi, ta faɗi cutarta da sunanta, ta ƙara da abin da ya fi kowanne nauyin faɗi, wato idan ta faɗi jikinta yana yayewa. Aka ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙurin da sakamakonsa Aljanna ne, ta zaɓi haƙuri, amma ta roƙi a yi mata addu'a kada ta riƙa yayewa, aka yi mata. Bayan shekaru Ibn Abbas yana nuna wa Aɗa'u bin Abi Rabah ita a matsayin 'yar Aljanna mai tafiya a doron ƙasa. A duba da kyau: wannan ita ce macen da aka yi wa shaidar haƙuri, kuma ita ce ta bayyana ciwon da a garuruwanmu har yau ake kulle mai shi a ɗaki don kada maƙwabta su sani, ake kuma hana yara cin abinci tare da shi bisa zaton ana ɗauka, alhali ba a ɗaukar farfaɗiya. Faɗar ba ta rage mata daraja ba. Abin da ta tsare shi ne suturarta, kuma wannan iyaka ce da za mu dawo kanta.

Akwai kuma wani abu game da shirun Imam Ahmad da ya kamata a lura da shi. Dattijo ne da ya zaɓar wa kansa wani matsayi a kan jikinsa, a ƙarshen rayuwarsa. Ba shi da alaƙa da uwar da ke riƙe da yaro ɗan shekara huɗu mai sikila, wanda ba shi ya zaɓi shiru ba, ba kuma zai iya nema wa kansa magani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila a Najeriya duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da nau'in jini na AS. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato sikila. Da yawa daga waɗannan yara, musamman a karkara, ba sa kai shekara biyar, kuma abin da ke kashe su sau tari abu ne da ake iya tarewa: zazzaɓin cizon sauro, cutar huhu, ƙarancin jini na farat ɗaya idan saifa ta kumbura. Tun kafin a san gwajin jini, gidan da yara ke mutuwa a jere sai a ce wabi ne, a shiga neman tsari, kowace uwa ta ci kukanta ita kaɗai. Ba za a ce duk wabi sikila ne ba, amma babu shakka akwai sikila a cikinsa. Uwar da ta yi shiru a wannan hali ba ladan haƙuri kaɗai take nema ba, sau da yawa gori take gudu, na kishiya ko na dangin miji. Bai kamata mu ɗauki tsoron gori mu sa masa rigar tawakkali ba.

A ɗauki dare ɗaya na hunturu a wani gida a Bungudu. Ƙarfe biyu, sanyi ya sauko, yaro ya farka yana ihu yana riƙe da ƙafarsa, ko taɓa shi ba ya so a yi. Mahaifinsa ba zai hau hanya a wannan lokaci ba saboda 'yan bindiga. Uwar ta ɗauki waya ta aika saƙon murya ga mata irinta, muryarta na rawa. Cikin 'yan mintuna wata daga Gusau, wadda ita ma ba ta yi barci ba, ta amsa: a lulluɓe shi, a gasa masa wurin da tsumma mai ɗumi ba mai sanyi ba, a yi ta ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, a ba shi maganin rage zafin da likita ya rubuta. Wata ta ƙara da tambayoyin da suka fi muhimmanci: jikinsa da zafi? Yana haki ko yana kukan ƙirji? Duba tafin hannunsa da cikin idonsa, sun yi fari? Taɓa gefen cikinsa na hagu, ya kumbura? In ɗaya daga cikin waɗannan ya tabbata, ana idar da Asuba a kama hanyar Gusau, kada a tsaya jiran rana ta ɗaga. Babu abin da waɗannan mata suka faɗa da ba ya cikin ilimin likita, amma likita ba ya farke a ɗakinta da ƙarfe biyu, kuma a layin asibiti minti nawa yake da shi ga kowane mutum? Bayan bayanin akwai wani abu da likita ba zai iya bayarwa ba ko da yana da lokaci, shi ne a gaskata ka. Zafi ba ya nunuwa. Mai sikila yakan isa asibiti yana murƙususu a dube shi a ga ba rauni ba jini, wani lokaci har a zarge shi da neman allura kawai. Wanda ƙashinsa ya taɓa yin irin wannan ciwo ba ya neman shaida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wanda kuma ya kwana a irin ɗakin shi ne na biyu a sani.

Wani lokacin kunya ce kanta ke yin kisa ko ta nakasa. Samari masu sikila na gamuwa da wata matsala a gabansu, miƙewa mai tsananin zafi da ba ta da alaƙa da sha'awa, wadda in ta wuce awa huɗu ba a kai ga asibiti ba tana iya lalata mazakuta har abada. Wane yaro ɗan shekara goma sha shida ne a Tsafe zai tunkari mahaifinsa da wannan magana? Zai kwana biyu yana juyi a ɗaki yana cewa cikinsa ne ke ciwo. Amma zai iya rubuta wa wanda ya girme shi da shekara biyar, wanda ya san abin ya taɓa samunsa, shi kuma ya ce masa tashi yanzu ka tafi. Wanda ya ce wannan zance rashin kunya ne sai ya tuna cewa matan Ansar sun sami yabo a bakin Nana A'isha saboda kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi addininsu ba, kuma kiyaye jiki da zuriya yana cikin manyan manufofin shari'a.

Mutanen Zamfara sun ga abin da ke faruwa idan kowane gida ya riƙe musibarsa shi kaɗai. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Yara na suma suna mutuwa, ana binnewa ana cewa kwana ne ya ƙare, kuma lalle kwana ne ya ƙare, amma sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka haɗa labarin wannan gida da na wancan sannan aka gane sababi ɗaya ne, kuma ana iya tsayar da shi. Imani da ƙaddara bai taɓa hana bin sababi ba. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka a can, da aka tuhume shi da gudun ƙaddara ya nuna cewa inda ya nufa ma ƙaddarar Allah ce.

Haɗuwar masu lalura ɗaya kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Garuruwanmu sun daɗe da Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, masu sasanta mutanensu, su karɓi baƙonsu, su yi magana da yawunsu a fada. Za a iya cewa wancan tsari ya cuɗanya da bara da wariya, kuma gaskiya ne, amma ya nuna kakanninmu sun gane cewa wanda lalura ta raba da jama'a yana buƙatar jama'ar da za ta fahimce shi. A zamaninmu matan da suka kamu da yoyon fitsari sun nuna haka a Babbar Ruga ta Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya yi ta yi musu aiki tun shekarun 1980, da kuma a Asibitin Farida na Gusau. Mace ta shekara tana zaton ita kaɗai Allah ya jarraba da wannan, miji ya sake ta, an ware mata kwano, sai ta shigo ta tarar da ɗaki cike da irinta. Kuma sau da yawa wadda aka ɗinke ta koma ƙauye ita ce ke rako ta gaba. Haka masu ɗauke da cutar ƙanjamau suka riƙe juna a ƙungiyoyinsu a lokacin da ko musabaha wasu ba sa yi da su. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta littattafai a kan magani, har da na basir da na ciwon ido. Bai ga cewa ambaton irin waɗannan cututtuka a rubuce ya saɓa wa kamun kai ba. Abin da waya ta ƙara a kan duk wannan shi ne ta kawar da nisa da dare.

A nan ne wani zai ce zumunci a ƙafa yake, dubiya kuma ibada ce da ake takawa a je, a zauna, a dafa goshin mara lafiya a yi masa addu'a. Saƙon murya ba zai maye gurbinta ba. Na yarda ba zai maye ba, kuma wanda ɗan'uwansa ke kwance a unguwa ɗaya da shi ya wadatu da aika saƙo ya yi sakaci da haƙƙin da hadisi ya lissafa cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan Musulmi. Amma a dubi ƙasar da muke magana a kanta. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa da ta ratsa Tsafe, da ta Gusau zuwa Sakkwato da ta bi ta Bungudu, hanyoyi ne da matafiyi ke duba agogo kafin ya hau saboda 'yan bindiga. Akwai ƙauyukan da zuwa dubiya cikinsu kasada ce da rai. Manufar dubiya ita ce mara lafiya ya san ba a manta da shi ba, a sanyaya masa rai, a yi masa addu'a, a ga abin da yake buƙata. Idan ƙafa ta kasa, abin da ya cim ma wani yanki na wannan manufa ya fi babu. An kuwa ɗanɗani babun. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara saboda aikin soja, a kwanakin farko mutane na hawa mota har Funtuwa don su yi kira ɗaya, kuma Gusau aka fara maido wa bayan makonni, sauran ƙananan hukumomi suka daɗe suna jira. Ko me mutum zai ce game da dalilin tsaro, sai ya tuna da mai neman wanda zai ba ɗansa jini a wancan lokaci. A yau sanarwa ɗaya cewa ana neman jini iri kaza a Asibitin Tarayya tana iya tayar da mutum uku daga unguwanni uku. A waɗancan makonni sai dai a bi gida-gida.

Ƙorafin da ya fi kowanne nauyi ba na haƙuri ba ne, na magani ne, kuma ba zan rage masa ƙarfi ba. Inda marasa lafiya suka taru, masu cin kasuwa da su na biye. Akwai masu tallar jiƙo da garin da wai zai mayar da SS ya koma AA cikin wata uku, akwai masu cewa a ajiye allurar insulin a sha wani haɗi, wasu ma da ayoyi suke lulluɓe hajarsu don kada a yi musu musu. Gaskiyar magana, babu abin sha da ke canza nau'in jinin da aka haifi mutum da shi. Abin da aka sani yana warkar da sikila shi ne dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Najeriya a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, sai kuma sabon maganin gyaran ƙwayar halitta da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, wanda kuɗinsa ya haura dala miliyan 2. Abin da ke hannun talaka shi ne folik asid, rigakafin zazzaɓin cizon sauro, gidan sauro, yawan shan ruwa, da haidiroksiyuriya ga wanda likita ya ɗora a kai yana kuma bibiyar jininsa. Ba a manta da Agustan 2014 ba, lokacin da saƙo ya zagaye wayoyin ƙasar nan cewa wanka da ruwan gishiri da shansa na kare mutum daga Ebola, har aka rasa rayuka. Haɗarin ma ba daga 'yan damfara kaɗai yake zuwa ba. Mai kyakkyawar niyya na iya cewa allurar fentazosin ce ta taimake shi, ya koya wa wani yi wa kansa a gida, daga nan a faɗa jarabar da ke barin gyambo a cinya da damtse. Wani kuma ya ce shi ya yi azumin bazara lafiya lau da sikilarsa, sai mai raunin jiki ya kwaikwaye shi ya ƙare a gadon asibiti, alhali Suratul Baƙara ta yi wa mara lafiya rangwame.

Amsar wannan tana cikin shari'ar kanta. Abu Dawud ya ruwaito hadisin da ke ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani ba a san shi da ilimin likitanci ba. Wannan hukunci bai tsaya ga mai shago ba, ya hau kan duk wanda ya ce wa ɗan'uwansa ajiye wancan ka sha wannan. Mai ciwo shaida ne a kan abin da ya ji a jikinsa, kuma shaidarsa tana da daraja, amma ba ta mayar da shi likitan jikin wani ba. Ya halatta ya ce ga abin da ya same ni, ga abin da likitana ya ce, je ka tambayi naka. Bai halatta ya yanke hukunci ba. Sai dai a lura, wannan haɗari hujja ce ta gyara zaman, ba ta watsa shi ba. Jita-jita ba ta jira waya ba: a 2003, kafin wayar hannu ta kai ƙauye, maganganu a kan allurar shan inna sun sa an dakatar da rigakafi a wasu jihohin Arewa, har da Zamfara, yara suka shanye. Mai tallar ƙarya ya fi samun galaba a kan wanda ke shi kaɗai cikin ɗimuwa. A cikin taro kuwa akwai yiwuwar wata ta ce na saya, na ba ɗana wata shida, mun sake gwaji yana nan SS, kada ki zubar da kuɗinki.

Sai batun sutura, abin da matar nan mai farfaɗiya ta roƙa. Wanda ya faɗi ciwonsa a irin wannan zama amana ya bayar, kuma hadisi ya nuna cewa abin da aka faɗa a majalisi amana ne. Ɗaukar hoton maganar wata a tura wa dangin saurayinta, ko a ji sunan mai ƙanjamau a kai unguwa, cin amana ne da annamimanci a haɗe, kuma a garin da kowa ya san kowa kamar Bungudu ko Kwatarkwashi illarsa na iya bin mutum har kabari. Don haka mai shiga yana da damar ya ɓoye sunansa, mata su keɓe nasu zauren a kan abin da ya shafi jikinsu, kada kuma a riƙa yaɗa hoton yaro yana cikin mawuyacin hali da sunan neman taimako ba tare da larura ba. Amma rufin asiri ba ya nufin yaudara. Wanda zai yi aure yana da haƙƙin ya san nau'in jinin wanda zai aura, shi ya sa jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. Sirrin mai ciwo nasa ne, shi zai faɗa wa wanda ya wajaba ya sani, ba wani ne zai fallasa shi ba.

Ana kuma cewa yawan zama da marasa lafiya na karya zuciya, tunda a irin waɗannan zauruka ana yawan jin rasuwa. Haka ne, ana ji, kuma yana da zafi. Amma a nan ne kuma uwar da aka gaya wa ɗanta ba zai yi tsawon rai ba take jin muryar mai sikila ɗan shekara arba'in, malamin makaranta mai 'ya'ya, yana gaya mata yadda ya bi da jikinsa. Samun wanda ya riga ka shiga jarrabawa ya kuma tsaya da ƙafarsa yana ƙarfafa haƙuri fiye da wa'azin wanda bai taɓa kwana a asibiti ba. Suratul Asri ma ba ta ambaci haƙuri a matsayin aikin mutum shi kaɗai ba, ta sa shi cikin abin da muminai ke yi wa juna wasiyya da shi.

Abin da ya rage shi ne waɗanda wannan alheri bai kai gare su ba, kuma su ne suka fi yawa: matar ƙauye da ba ta da babbar waya, ko take da ita babu kuɗin data, ko garinsu babu sabis, ko tana gudun hijira a wani kango a Gusau. Ita ma tana da haƙƙin ta sami 'yar'uwarta a ciwo. Ina kira ga limaman Juma'a na Gusau da Tsafe da Bungudu su fito su bayyana wa jama'a bambancin ƙorafi da ba da labari, don a daina kunyata mai neman taimako da sunan addini. Likitoci da ma'aikatan jinya, da ɗaliban Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, su daina kallon waɗannan zauruka daga nesa. Kowane zaure ya sami ma'aikacin lafiya ɗaya da zai riƙa leƙawa yana gyara kuskure, da malami ɗaya da za a mayar wa tambayar azumi da tsarki. Asibitoci su ware ko da awa ɗaya ranar ganin likita, a shimfiɗa tabarma, iyaye su zauna su ji daga juna. Kai kuma da Allah ya ba waya da karatu, in ka san wata maƙwabciya mai ɗa mai sikila da ba ta da su, ɗauki wayarka ka kai mata, ka kunna mata ta ji, ka kuma aika da tambayarta.